Siffofi Kafin Zuwan Boko: Daga Duwatsun Bidzar Zuwa Allon Yaro a Garwa



Wata rana da la'asar sakaliya ina zaune a zaure, a nan unguwar Hausare ta birnin Garwa, sai ga wata jikata mai shekara shida ta shigo riƙe da ɗan allonta na makarantar boko. Ta yi wani zane mai gefe huɗu a kai, ta miƙo mini tana murna, ta ce, "Kaka, ka ga kare." Na duba, ban ga kai ba, ban ga ƙafa ba. Na ce, "Ke amarya, wane irin kare ne wannan da ba shi da ko wutsiya?" Ta tuntsire da dariya, ta ce ai haka malamarsu ta ce sunansa. Can sai na farga, ashe kalmar Faransanci ce ta murabba'i, wadda a kunnen Bahaushe ba ta da maraba da sunan dabbar nan mai haushi.

Da dariya ta lafa sai na ce ta nuna mini wani kare irin wannan a cikin gidanmu. Ta waiga gabas, ta waiga yamma, ta ce babu, ai a makaranta yake. Alhali kuwa tabarmar da take zaune a kai cike take da murabba'ai, tagar da ke bisa kanta ma murabba'i ce. Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Yarinya ta haddace suna, amma ta ɗauka abin da sunan ke nufi baƙo ne da ke kwana a aji. Shi ya sa na ga ya kamata mu waiwayi tarihi, mu ga yadda mutanen ƙasar nan suka san da'ira da murabba'i da alwatika, da kuma yadda suke sanar da 'ya'yansu tun ba a kafa ko aji ɗaya ba.

Da'irorin Bidzar

Wanda ya bar Garwa ya kama hanyar Marwa, idan ya wuce Figil zai iso wani ƙauye da ake kira Bidzar, a ƙasar Gidar. A gefen ƙauyen akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu na farar marmara, a jikinsu kuwa akwai zane wajen 500 da mutanen dā suka sassaƙa. Ba giwa suka zana ba, ba mafarauci da baka ba, kamar yadda ake gani a duwatsun Sahara. Mafi yawa da'irori ne: wata ita kaɗai, wata a cikin wata, wata kuma an kewaye ta da ƙananan 'yan'uwanta kamar kaza da 'yan tsaki. Da ƙwanƙwasa aka yi su, ɗigo bayan ɗigo, har layi ya zagayo ya haɗu da mafarinsa.

Wani Bafaranshe mai suna Buisson ne ya fara ba da labarinsu a rubuce a 1933, sa'an nan Alain Marliac ya yi dogon nazari a kansu, aka buga littafinsa a 1981. Masu bincike sun ƙiyasta shekarun zanen tsakanin 300 da 3000. A 2006 Kamaru ta sa wurin a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya. Abin takaici, marmarar nan ita ce ake fasawa don siminti da daɓen gidaje, saboda haka dutsen da ya jure rana da ruwa ɗaruruwan shekaru yana iya salwanta a yini guda.

Abin lura a nan shi ne, mai sassaƙa da'ira a cikin da'ira a kan dutse ba ya da damar gogewa. Dole ya tsayar da cibiya a zuciyarsa, ya kiyaye tazara ɗaya ta kowane gefe. Wannan kuwa shi ne ainihin ma'anar da'ira da ake rubuta wa ɗalibai a littafi: layin da nisansa da cibiya bai sauya ba ta ko'ina.

Ɗakin Musgu da fadar Logon Birni

Idan aka ƙara nausawa arewa maso gabas, zuwa gaɓar kogin Logon wajen Pus da Maga, sai a shiga ƙasar Musgu. Nan ne mahaifar ɗakin nan da suke kira teleuk, wanda ake ginawa da zallar yumɓu, ba azara, ba ginshiƙi, ba katakon tallafi, amma tsawonsa yakan kai mita 9. Gindinsa da'ira ne, bangonsa mai kauri a ƙasa, yana sirancewa yana lanƙwasa har ya haɗe a sama, inda ake barin kafa don hayaƙi, a rufe ta idan hadari ya taso. A bayansa akwai tudun layuka da aka jera reras tun daga ƙasa har ƙololuwa. Ado ne, amma kuma su ne matakalar magini, su ne kuma ke karya ƙarfin ruwan sama kada ya zaizaye bango. Ƙofar ma da hikimarta: matsattsiya daga ƙasa daidai ƙafafun saniya, mai faɗi daga sama daidai cikinta.

Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare Binuwai a watan Yuni na 1851 a hanyarsa ta zuwa Yola, kuma a ƙarshen wannan shekara ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, ya rubuta abin da ya gani na gine-ginensu. Marubucin Faransa André Gide ya zo a 1926, ya yaba ɗakunan matuƙa. A 1931 har kwaikwayonsu aka gina a bajekolin ƙasashen mulkin mallaka a birnin Paris. Masana gini sun lura cewa lanƙwasar teleuk ta yi kusa ƙwarai da siffar da sarƙa ke yi idan an riƙe bakinta biyu aka bar tsakiyarta ta yi lilo, in aka kifa siffar. Robert Hooke na Ingila ya bayyana a 1675 cewa wannan ita ce siffar da bakan gini ke tsayuwa da ita da nauyin kansa. Maginin Musgu bai karanta Hooke ba. A wurin iyayensa ya koya, yana miƙa curin yumɓu tun yana ƙarami, yana hawa matakala ɗaya bayan ɗaya, har hannunsa ya san inda bango zai fara sunkuyawa.

Can gaba kuma, a Logon Birni ta Kotoko, siffar da ta yi sarauta ita ce mai kusurwa huɗu. Ron Eglash na Amurka, a littafinsa na 1999 kan lissafin da ke cikin zane-zanen Afirka, ya nuna yadda aka tsara fadar garin: shinge mai kusurwa huɗu a cikin wani, wani a cikin wani, hanyar shiga tana naɗewa kamar gammo, kuma duk matakin da baƙo ya ƙara kusantar sarki sai ladabin da ake bukata gare shi ya ƙaru. Ɗan Kotoko da ya tashi a nan, da ƙafarsa ya koyi abin da ake nufi da siffa a cikin siffa.

Abin da fatake da malamai suka zo da shi

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ƙasar Fombina ta kafu, aka zaunar da Yola a 1841, Garwa kuwa ta zama ɗaya daga lamidancin da ke ƙarƙashinta. Bayan tuta sai fatake. Hausawa suka biyo hanya da tufafi da baƙi da jan fata, suna komawa da hauren giwa, da yawa kuma suka yi zamansu. A cikin ayarin akwai maɗinka da dukawa da marina da magina da malamai, kowa kuwa da irin siffofin da sana'arsa ta gada.

Dubi babbar riga mai aska takwas. Askar nan alwatika ce doguwa mai tsini, an jera su bisa ƙa'ida, ga tambari mai naɗewa kamar katantanwa, ga dagi wanda layinsa ke shiga yana fita ba a ganin bakinsa. Yaron maɗinki ba ya fara riƙe allura sai ya iya bin zanen da maigidansa ya fitar a kan ƙyalle, ya iya ƙirga zare don gefen dama ya yi daidai da na hagu. Dubi faifan da mata ke saƙawa, wanda ake farawa daga cibiya a yi ta zagayawa, launi yana dawowa bayan adadin ɗinki sananne. Dubi ƙoren da matan Fulani ke ƙonawa da bakin wuƙa mai zafi, yadda ake raba bayan ƙwarya gida huɗu ko takwas kafin a cike kowane gida da ƙananan alwatikai. Yarinyar da ta zauna kusa da uwarta tana kallon wannan, ta san raba da'ira daidai tun ba ta san sunan abin da take yi ba.

Magini kuwa, in zai fitar da ɗaki zagayayye, sai ya kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ya ja ta ta miƙe, ya zagaya. In soro ne mai kusurwa huɗu, sai ya gwada igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya sake gwada ɗaya ɓangaren. In awo biyun ba su zo ɗaya ba, ya san ɗakin ya karkace. Irin wannan sani ne ya kai Babban Gwani Muhammadu Durugu ga ɗaga bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da tubali da azara kawai.

Sai makarantar allo. Mutane da yawa suna zaton babu ruwanta da siffofi, alhali almajiri yana tare da su tun ran da aka wanke masa allo. Alamar ƙarshen aya a rubutunmu na hannu 'yan da'irori uku ne, biyu a ƙasa ɗaya a sama, wato alwatika. Kurin da ake sawa a aya ta goma da'ira ce. A gefen shafi, inda izu ya cika, akwai zagayayyen ado da aka rarraba shi da launi. Ranar sauka kuwa, allon zayyana ne ake riƙa wa yaro, wanda gwanin zane ya ƙawata da murabba'ai da da'irori da layuka masu sarƙewa, da baƙar tawada da ja da rawaya. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zayyana ya ga yadda yake fara raba allon gida-gida kafin ya ɗiga launi ko ɗaya.

Akwai kuma hatimi. Malamai sun yi saɓani a kan amfani da shi wajen neman asiri, kuma ba wannan ne zancenmu ba. Lissafin da ke cikinsa muke magana. A raba murabba'i gida 9, a sa 4 da 9 da 2 a layin sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Ta duk inda aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Wani malamin Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 yana bayyana ƙa'idojin gina irin waɗannan murabba'ai masu gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Har yau masu rubuta tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa.

Larabawa suna kiran wannan fanni handasa. Tun zamanin Haruna Rashid aka fassara littafin Iƙlidis na Yunan zuwa Larabci a Bagadaza. Bayan haka Abul Wafa al-Buzjani, wanda ya rayu daga 940 zuwa 998, ya wallafa littafi musamman a kan abin da mai sana'ar hannu ke bukata na handasa, domin ya ga masu sana'a suna da hannu ba su da hujja, masana kuma suna da hujja ba su da hannu. Matsalar da ya gani shekara dubu da suka wuce, ita ce na gani a zaurena.

Yadda aka raba gari

Jamusawa sun ci Garwa da yaƙi a 1901, suka buɗe makarantar gwamnati a garin a 1906. A watan Yuni na 1915 rundunar Ingila da Faransa ta karɓe garin, daga nan yankin ya faɗa hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai ran 1 ga Janairu 1960. Makarantar da suka bari da Faransanci take magana tun daga ajin farko. Iyaye da yawa sun ƙi ta, suna tsoron ta raba 'ya'yansu da addini, waɗanda suka shiga kuwa sai suka tarar da wata duniya dabam. Siffofi suka zo a littafi, da sunayen da ba a ji a kasuwa, ana zana su da alli a baƙin allo, yara suna maimaitawa da murya ɗaya. Ba wanda ya ce wa ɗan magini igiya da turken ubansa su ne kamfas ɗin da ke cikin akwatin malam. Ta haka sani ɗaya ya rabu biyu: na gida ya zama aikin hannu da ba a kiransa ilimi, na makaranta ya zama ilimin da ba ya taɓa hannu.

Abin mamaki, su kansu Turawa masu tunani a cikinsu sun riga sun gane kuskuren wannan hanya. Friedrich Froebel na Jamus, wanda ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara wajen 1840, ƙwallo da ɗan kututture da ɗan akwatin katako yake ba yaro ya juya a hannu kafin a gaya masa sunan komai. Maria Montessori, da ta buɗe gidan yaranta a Rum a 1907, sa yara take su shafa gefen siffa da yatsa, wani lokaci ido a rufe. Abin da suka yi ta faɗi-tashi suna ƙirƙirowa, mu muna da shi a tsakar gida.

Abin da za a iya yi gobe da safe

Dokar ilimi ta Kamaru ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci tarbiyyar ɗan ƙasa mai saiwa a al'adarsa, ta kuma ambaci bunƙasa harsunan gida. An kafa jami'ar Marwa a 2008 da babbar makarantar horon malamai a cikinta, an kafa ta Garwa a 2022. Ƙofa dai a buɗe take. Kuma ko a ajin da yara suka yi yawa, kayan aiki suka yi ƙaranci, abin da ake bukata ba na saye ba ne.

A fitar da yara fili, a ba su turke da igiya, kowane rukuni ya fitar da gindin ɗaki. Sa'an nan a tambaye su: me zai faru in igiyar ta yi sako-sako? Me zai faru in an matsar da turken? Da bakinsu za su faɗi ma'anar da'ira. A kawo karan dawa, irin wanda suke ƙera motar kara da shi, a ce su ɗaure guda huɗu baki da baki, su kuma ɗaure guda uku, sa'an nan su matsa kowanne. Mai huɗu zai karkace, mai uku zai ƙi. Daga nan sai a nuna musu dalilin da ya sa kafinta ke gicciya katako a bayan ƙofa. A tambaye su kuma don me duwatsun murhu uku ne, tukunya ba ta rawa a kansu ko ƙasa ba ta daidaita ba.

A sa kowace yarinya ta zo da faifan gidansu, babba ko ƙarami. A auna faɗinsa da zare ta kan cibiya, a yanke, a ga sau nawa zaren zai zagaye bakin faifan. Kowa zai samu sau uku da ɗan ɗori, mai babban faifai da mai ƙarami, kuma mamakin da za su yi ya fi haddar 3.14 zama a zuciya. A bar su su haƙa gidan dara, layi 5 gida 6, su ƙirga su samu 30, ga awon fili ya shigo ba sallama. 'Yar gala-gala da 'yan mata ke zanawa a ƙasa murabba'ai ce jere. Manya kaɗan a ba su igiya mai ƙulli 12 a tazara ɗaya, su ja ta gefe 3 da 4 da 5, kusurwar gini za ta fito cif. A rataya sarƙa a jikin bango, a bi siffarta da gawayi a kan takarda, a kifa takardar, a ajiye ta kusa da hoton ɗakin Musgu. Waɗanda suka iya tara lamba kuwa a zana musu gida 9, a ba su 1 zuwa 9, a ce su nemo 15 ta kowane gefe, a kuma gaya musu sunan malamin Katsina da ya rubuta ƙa'idar abin.

Sharaɗi ɗaya ne: hannu ya riga baki. In yaro ya taɓa, ya gina, ya rushe, sai a ba shi suna, da Hausa, da Fulatanci, da Faransancin da zai rubuta jarrabawa da shi. Suna uku a kan abin da aka sani ba nauyi ba ne. Suna ɗaya a kan abin da ba a sani ba shi ne kaya. Kuma tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, malamin boko shi kaɗai ba zai iya ba. Mai unguwa yana iya haɗa shi da magini da maɗinki da mai zayyana da tsohuwa mai saƙar faifai, kowannensu ya ba da sa'a guda a zango. Makarantun da ke kusa da Figil da Gidar kuwa, ai bai kamata yaro ya gama firamare bai je ya ɗora tafinsa a kan da'irorin Bidzar ba. Dutsen da yaran gari suka sani da wuya a fasa shi a ɓoye.

Ita kuwa amaryata, washegari na ba ta zare da tsinke, muka fitar da da'ira a tsakar gida, sa'an nan muka shiga farautar karnuka. Kafin magariba ta samo goma sha ɗaya: a tabarma, a taga, a jikin hular babanta, har da wani a bangon allon saukar yayanta da ke rataye a zaure shekara da shekaru, wanda ni kaina ban taɓa lura da shi ba. Yanzu in baƙo ya zo sai ta ja shi ta nuna masa, ta ce da Hausa murabba'i ake cewa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani. Wassalam.